Shirun Mai Garin Kanyar Tudu

Daga Muntaka ɗan Sama'ilu, mai garin Kanyar Tudu a ƙasar Dawakin Tofa, zuwa ga gwaggonsa Hafsatu a birnin Zazzau. Ƙarshen kaka.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata gwiwar nan da ke damunki ta yi sauƙi, kuma mutanen gidanki duk suna lafiya. Mu nan lafiya, sai gajiya. Matata Kulu tana gaishe ki, yara ma haka. Gero bai yi laifi ba bana, dawa ce ba ta yi ido ba.

Bayan haka, Gwaggo, kin san hakimi ya naɗa mini rawanin Baba bayan sadakar arba'in. Abin da ba ki sani ba, rawanin nan nauyi yake yi mini.

Tsohuwar rijiyarmu ta soma ƙafewa tun rani bai kankama ba. Mata kan wuni a bakinta suna jiran ruwa ya taru. Saboda haka na tara mutane a gindin durumin ƙofar gida, namu na cikin gari da Maguzawan ƙetaren rafi tare da babbansu Buwai, don a yi shawarar haƙa sabuwa. Na shirya maganata tsaf. Na fara daga kakanmu da ya sari garin, na biyo ta kan ladan shayar da mai ƙishirwa, na zo kan yawan jama'a da dabbobi. Tun hantsi nake yi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Da na duba, sai na ga wani yana tufkar igiya, wani ya yi barci baki buɗe, Buwai kuwa ƙaya yake cirewa a tafin ƙafarsa.

Da na gama ya ce, "Ɗan Sama'ilu, mun ji duka. Wacce daga ciki za mu tafi da ita gida?" Aka yi dariya, har da namu. Aka watse ba a yanke komai ba.

Wuri biyu ake ja a kai. Surukina Malam Tasi'u da dattawan gari suna son bayan masallaci. Buwai yana son fadamar da ke tsakaninmu, don kada matansu su riƙa hawan tudu da tulu. Kin san ba mutanen da za a yi wasa da su ba ne, rumbunansu ne suka riƙe garin nan shekarar fara.

Ni dai na tashi na ga Baba yana faɗin kalma kaɗan, mutane su miƙe su yi. Ban taɓa lura da yadda yake yi ba, don na ɗauka zai daɗe. Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka san shi tun yana yaro. Ki gaya mini. Nababa mai jakunan kanwa ne zai kawo miki wannan, da 'yar daddawa daga Kulu. Wassalam.

*

Daga Hafsatu zuwa ga ɗanta Muntaka.

Aminci gare ka da iyalinka. Takardarka ta iso, daddawa ma ta iso, a gaya wa Kulu hannunta bai canja ba. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Yanzu ido ma ya bi sahu. Sai na fito tsakar gida da rana nake iya riƙe alƙalami, saboda haka kada ka sa ran dogon rubutu.

Maganar Buwai ta ba ni dariya, ka yafe mini. Tun kana ƙarami ba ka jure shiru. In ba kowa a gida, akuya kake tsarewa ka yi mata hira.

Ni ban taɓa ganin taron ubanka da ido ba, mace ba ta zama gindin durumi. Amma dangar gidanmu tana kusa, kuma zawarcina na fari a bayanta na yi shi ina kaɗi. Da kunne na san shi. Ga abin da ba wanda ya gaya maka: ubanka yana yaro i'ina gare shi, mai tsanani, har yara na kwaikwayonsa. Sai ya koyi tsayawa kafin kalmar da za ta harɗe shi, ya ja numfashi, sannan ya sake ta. Ya girma, i'ina ta tafi, tsayawar ta zauna. Can daga baya ya lura duk sa'ad da ya tsaya, mutane kan ɗago kai. Ni ma a bayan danga sai in ga mazari ya tsaya a hannuna, ban san na tsayar da shi ba.

To, ka faɗi abin da ya tara ku cikin numfashi ɗaya. Za a haƙa rijiya. Sannan ka rufe baki. Shirun zai yi maka zafi, za ka ji kamar an tuɓe maka riga a kasuwa. Wani zai yi tari, wani zai gyara zama. Kada ka cece su. A lokacin nan maganar take shiga, ba lokacin da kake faɗinta ba. Wanda ya fara buɗe baki bayan haka, shi abin ya fi ci wa rai, ka saurare shi da kyau. Kakanku kuwa ka bar shi ya huta, kowa ya san shi ya sari garin.

Idan Buwai ya ɗauko maganar fadama, ka tsaya. Haka ubanka yake yi masa kullum, shi ya sa suka daɗe tare.

Rana ta juya, ba na gani sosai. Allah ya riƙa maka.

*

Daga Muntaka zuwa ga Gwaggo Hafsatu. Tsakiyar rani.

Gaisuwa da fatan samun sauƙi. Na ji batun ido, Allah ya sawwaƙe. Kulu ta ƙulla miki kwalli a tsumma, ta ce ki gwada. Zafi ya yi tsanani a nan, awaki biyu sun mutu mana, amma mutane lafiya.

Gwaggo, abin ya yi. Na sake tara su, na ce, "Za mu haƙa rijiya kafin ruwa ya sauka." Na yi shiru. Wallahi har ƙarar turmi nake ji daga unguwar maƙera. Na danne harshe da haƙori. Mai tufka ya ajiye igiyarsa. Can sai wani tsoho ya ce, "Wa zai ba da dagi?" Daga nan magana ta kama kanta, wannan ya ce igiya, wancan ya ce kwanduna, ni ina zaune kawai.

Buwai ya ɗauko fadama, kamar yadda kika yi tsammani. Na tsaya kamar yadda kika ce. Na ce, "Bayan masallaci." Ya sake kawo tasa, na sake faɗin tawa, ban ƙara ba, ban ja da baya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, mai gari." Bai taɓa kirana haka ba sai ranar.

Bai yi mana rowar hannu ba. Ɗansa Maikano ya turo, wanda ba mai kamarsa a haƙa duk yankin nan, tare da samarinsu. Kafin su kafa dagi sun yanka jan zakara a wurin, yadda suka gada. Malam Tasi'u ya kau da kai. Daga baya ya same ni a zaure ya ce bai kamata in bari ba. Na yi masa shiru shi ma, ya gaji ya tashi.

Yanzu ko a gida ina gwadawa, har Kulu ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Allah ya saka miki da alheri. Wassalam.

*

Daga Muntaka zuwa ga Gwaggo Hafsatu. Bazara.

Gaisuwa. Jikinmu lafiya. Ban ga amsar waccan takardar ba, amma ba zan iya jira ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rijiya ta rufta. Sun yi nisa, har ƙasa ta fara fitowa da danshi, ana murna. Maikano ne a ciki yana cika kwando. Gefen gabas ya zubo gaba ɗaya. Ashe yashi ne zalla a ƙarƙashin jar ƙasar. Muka yi ta tono da hannu da ƙorai, namu da nasu, har farce ya tsage. Da muka kai gare shi rai ya riga ya yi halinsa. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Suka ɗauke shi suka ƙetare rafi, suka binne shi bisa al'adarsu.

Bayan 'yan kwanaki na kira taro, don a ga abin yi, tun da har yanzu ba ruwa. Buwai ya zo, ban zaci zai zo ba. Ya rame, idonsa ya faɗa. Kafin in buɗe baki sai Malam Tasi'u ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni na faɗa tun farko. Ƙasar bayan masallaci aka zuba wa jinin tsafi. Abin da suka jawo ne ya faɗa musu."

Buwai ko kallonsa bai yi ba. Ni ya kalla. Ya ce, "Mai gari, haka ne?"

Gwaggo, maganar ta yi nauyi, sai na yi abin da na koya. Na yi shiru don ta kwanta, in samu in laluɓo amsar da ba za ta kunyata uban matata a bainar jama'a ba, ba kuma za ta ƙara wa Buwai ciwo ba. Na laluba ban samu ba. Shirun ya yi ta tsawo har ya wuce inda zan iya kamo shi. Na ga wasu namu suna gyaɗa kai, sun ɗauka na yarda da Malam. Na ga samarin Buwai sun ga ana gyaɗa kan.

Buwai ya miƙe a hankali, ya karkaɗe warkinsa, ya kama hanyar rafi ba sallama. Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune ina kallon bayansu, har yanzu bakina a rufe.

Kin ce kada in cece su. Ban ceci kowa ba. Ki gaya mini abin da ubana zai yi a nan, in akwai. Wassalam.

*

Daga Hafsatu zuwa ga ɗanta Muntaka.

Aminci gare ka. Takardarka ta tsakiyar rani sai jiya ta iso, Nababa ya ce jakinsa ne ya yi ɗingishi ya zaunar da shi a hanya. Kwalli ya zo, yana sanyaya ido, amma gani bai ƙaru ba. Na ji daɗi mutane sun saurare ka. Kulu kuwa ka daina gwada mata, ba taro ba ce.

Wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ya sa na matsa wa wani falke mai tafiya Kano gobe ya karɓi wannan. Da na ce ka tsaya, ba kafewa nake nufi ba, ɗana. Nufina ka dakata, ka bar shi ya gama, ka bar maganarsa ta zauna a tsakaninku kafin ka taɓa ta. Ubanka yakan yi wa Buwai shiru har ya fito da abin da ke ƙasan maganarsa, sau da yawa kuma tasa ake bi. Takarda ba ta da murya, ni kuma na yi rowar tawada. "To" ɗin da ya ce maka ban so shi ba. Na san mutumin.

Sannan batun bayan masallaci. Ina jin kakata ta taɓa cewa an gwada haƙa a wajen a zamaninsu aka bari, ban tuna dalili ba, wataƙila ma wani wurin take nufi. In ba ku yi nisa ba, a tambayi tsofaffi.

Maikano har ya zama gwanin haƙa? Na san shi yana goye. Uwarsa ce take kawo mana itace, ta zauna ta yi ta ba mu dariya. In tana da rai ka gaishe mini da ita, ka ce ta yi sa'ar ɗa. Allah ya ba ku ruwa mai daɗi.

*

Daga Muntaka zuwa ga Gwaggo Hafsatu. Farkon damina.

Gaisuwa. Muna lafiya, ƙaramar yarinya ta yi zawo amma ta tashi. Takardarki ta saɓa da tawa a hanya. Na karanta ta, na naɗe, ban sake buɗewa ba. Na tambayi tsofaffi, ba wanda ya tuna wani haƙa a wajen. Gaisuwarki ga uwar Maikano tana hannuna, ban san yadda zan kai ta ba.

Na jira amsar takardata ta bazara har na daina tambayar fatake. In fushi kike yi da abin da na rubuta a ƙarshenta, kin yi daidai. Zafin rai ne.

Ruwa ya sauka, tsohuwar rijiya ta ɗan farfaɗo. Mu mun yi shuka. Mutanen Buwai ba su yi ba. Gwaggo, kin san abin da hakan ke nufi ga mutanen da ba su taɓa bari ruwan farko ya wuce su ba. Samarinsu sun tafi arewa, an ce sun sami daji suna sassabe. Tsofaffi da mata suna jiran a turo musu. Daga kan tudu ina hango ɗakunan da aka sauke wa jinka. Ba sa zuwa kasuwarmu, matansu sun koma tonon ruwa a yashin rafi.

Jakadan hakimi ya zo. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce mai garin da talakawansa suka tashi, itatuwa zai mulka, kuma hakimi ba ya naɗa wa itatuwa shugaba. Ya ci tuwo ya tafi.

Malam Tasi'u yana ganin gari ya tsarkaka. Kulu ba ta ce komai, sai dai in tarar ta zuba wa wuta ido, tuwo yana kamu. Ubanta ne, ni kuma mijinta.

In na zauna gindin durumi yanzu, mutane kan yi shiru. Amma ba irin wanda na roƙe ki ba ne. Na gaji. Wani lokaci nakan ɗauki rawanin in ce in mayar wa hakimi abinsa in koma gonata. Ko kalma ɗaya ce ki aiko. Wassalam.

*

Daga Hafsatu zuwa ga ɗanta Muntaka.

Aminci gare ka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardunka biyu tare suka zo. Kogi ya cika ya tsare fatake, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni, sai shekaranjiya na fara zama. Ba fushi nake yi ba. Ba ni da ƙarfinsa. Ka ga rubutun ya yi manya, haka nake iya ganinsa.

Na yi kukan Maikano, na yi kukan gaisuwar da na aika wa uwarsa. Kasona a cikin abin nan na ɗauka, rabin magana na ba ka, ka tafi da ita gaban jama'a. Yashin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa ba kai ka zuba shi ba, ba wanda ya gan shi.

Amma ka ji sauran. Shirun da na ji a bayan danga, bayan magana yake zuwa. Kai ka ajiye shi a gurbin magana. Mutum ya binne ɗansa, an zarge shi da kashe shi a gaban gari, ya juyo ya tambaye ka. Wannan ba wurin jan numfashi ba ne. Duk wanda ke wurin ya cika maka shirun da abin da yake so, kuma na surukinka ya fi kusa. Amsar da kake nema, wadda ba za ta taɓa kowa ba, babu ita. Ubanka ma da bai same ta ba.

Tambayar tana nan, ba a amsa ba. Ka amsa ta a gaban waɗanda suka ji an yi ta. Kafin nan ka je ka durƙusa wa Malam Tasi'u shi kaɗai, ka gaya masa abin da za ka faɗa, kada ya ji shi a bakin taro. Ba izininsa za ka nema ba. Girmansa za ka ba shi.

In ka faɗa, ka taƙaita. Kada ka kawo uzuri, kada ka ambaci hakimi, kada ka roƙe su su zauna. Sannan ka yi shiru, wannan karon nasa ne, ba naka ba. Ya yi abin da ya ga dama da shi.

Ban ce maka za su fasa tashi ba. Mai yiwuwa lokaci ya wuce. Rawani kuwa, in za ka mayar, ka mayar bayan ka amsa, ba kafin ba. Na gaji, zan kwanta. Allah ya dafa maka.

*

Daga Muntaka zuwa ga Gwaggo Hafsatu. Tsakiyar damina.

Gaisuwa da godiya ga Allah da ya tashi kafaɗunki. Mu nan jiki lafiya. Gero ya fara bunni, ciyawa ta yi mana yawa.

Na je wurin Malam kamar yadda kika ce. Na durƙusa na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ka zaɓa ke nan." Washegari ya aiko a kira Kulu, wai uwarta ba ta jin daɗi. Har yau ba ta dawo ba. Ta dai aiko mini da fura sau ɗaya, a ɓoye.

Na aika wa Buwai ya zo gindin durumi, ya ce ƙafarsa ta manta hanya. Saboda haka bayan sallar Juma'a na ce wa mutane duk wanda ya zauna a wancan taron ya biyo ni. Wasu suka noƙe. Da yawa suka biyo, ina jin don su ga abin da zai faru. Muka tattare riguna muka ratsa rafi, ruwa har gwiwa.

Muka same shi a ƙofar gidansa yana ɗaure ƙotocin fartanya wuri ɗaya. Bai ba mu tabarma ba. Mutanensa suka fito suka tsaya ta bayansa. Na tsuguna a ƙasa na ce, "Baba Buwai, ka tambaye ni ko haka ne. Ba haka ba ne. Ni na zaɓi wurin. Ɗanka ya shiga ramin nan ne don mu sha ruwa, mu da ku."

Na rufe baki.

Gwaggo, wancan shirun na farko da na yi miki alfahari da shi wasa ne. Kalmomi suka taru mini a maƙogwaro, na ban haƙuri, na bayanin yashi, na roƙo. Wani dattijo namu ya taɓa ni ta baya, wai in ƙara. Ban ƙara ba. Buwai ya ci gaba da ɗaurinsa kamar bai ji ba. Can cikin gida sai wata mace ta fashe da kuka, mai ƙarfi, aka ce uwar Maikano ce. Ba wanda ya motsa. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu a ƙarƙashina.

Da ya gama ƙulli, ya ajiye, ya ce, "Ka daɗe a hanya, ɗan Sama'ilu. Rafin nan bai kai haka faɗi ba."

Na ce, "Na daɗe."

Ya ce, "Samarinmu sun riga sun yi shuka a can. Ba zan kira su ba, ko na kira ba za su zo ba." Ya yi shiru, ni ma na yi. Sannan ya ce, "Ni na tsufa da sassabe. Kuma yaron yana nan kwance." Ya nuna wajen da aka binne shi da haɓa.

Ba abin da ya ƙara. Da muka tashi tafiya sai matar Maikano ta leƙo ta ce wa wata, ba ni ba, gonar mijinta ta zama daji, ba wanda zuciyarsa ta iya shiga.

Fiye da rabinsu sun tafi, Gwaggo. Gidan Buwai da wasu kaɗan ne suka mayar da jinka. Ban san abin da hakimi zai yanke ba, jakada bai dawo ba tukuna. Sabuwar rijiya babu, ramin mun cike shi. In rani ya zo za a sake zama, kuma ba ni zan fara faɗin wuri ba.

Na isar da gaisuwarki ga uwar Maikano, rabin farko kawai. Ta ce tana tuna ki, ta tambaya ko har yanzu kina kaɗi.

Kashegarin zuwanmu na ɗauki garma na koma gonar Maikano, ba rawani. Lokacin gero ya wuce, wake muke sakawa da 'yar maiwa, ko yaransa sa sami abin kaiwa baka. Rana ta farko ni kaɗai na yi. Ta biyu na ɗago na ga Buwai a ɗaya gefen gonar yana huɗa, bai ce mini sannu ba, ni ma ban dame shi ba. Yau mutum uku daga cikin gari sun biyo ni.

Ki yi haƙuri da rubutun, tafin hannuna duk bororo ne, alƙalami ba ya zama. Gobe da sassafe zan koma, gefen gabas bai ƙare ba. Wassalam.